Maharbiyar Bayan Rumbu

Da safiyar Talatar nan babban yatsan Lailatu na dama ya ƙi lanƙwasuwa. Ta kai hannu za ta ɗauki buta, yatsu huɗu suka riƙe, shi kuwa ya tsaya a sandare kamar ba a jikinta yake ba. Ta yi ta murza shi a cinyarta har ya ɗan saki, sannan ta zura hannuwanta cikin silifas ɗin da take tafiya da su, ta ja jiki zuwa bayi. Shekarunta goma sha tara. Tun tana 'yar shekara uku shan-inna ya shanye mata ƙafafu, don haka duk inda za ta a cikin gidan nan nasu na Gwaram, hannuwan nan ne ke kai ta.

Kafin ta fito, yayanta Hambali ya riga ya shimfiɗa mata buhu a bayan rumbu. Duk gidan, nan kaɗai sabis ɗin waya ke tsayawa. Ya miƙa mata waya tana cike da caji.

"Jarumin Alhajin nan na garin Sara za ki fara ɗagawa. Da la'asar kuma muna da yaƙi da ƙungiya."

"Yaya, yatsana yau ma ya ƙi motsi."

"Idan kika fara zai ware."

Ya tayar da babur ɗinsa ya tafi shagon cajin waya da yake tsarewa a bakin kasuwa.

Wasan na cikin waya ne, kuma matasan Gwaram da Birnin Kudu suna kiransa Ganuwa, saboda yawancin faɗan a gindin katangar wani birni ake yinsa. Mutum biyar ke haɗuwa, kowa da wayarsa a inda yake, kowa da jaruminsa: mai garkuwa a gaba, masu takobi biyu, mai magani, sai maharbi. Maharbi ba ya shiga tsakiyar faɗa. Yana can baya a kan tudu ko a bayan dutse, daga nan yake tallafa wa sauran. Hambali ya yi shekara guda yana riƙe da maharbin ƙungiyarsu, kullum shi ake fara kashewa. Wata rana ya bar wayar a kan tabarma, Lailatu ta ɗauka don ta ga abin da ke sa shi ihu. Cikin sati biyu ta gane abin da shi ya kasa ganewa.

Ta gane cewa maharbi ba dodon da ake yaƙa a wasan yake kallo ba, mutanensa yake kallo. Ta gane cewa ba a tsayawa a inda aka yi harbi. Da kibiya ta fita sai ka canza wuri, don abokan gaba can suke nufa. Kibau iri uku ne da ita bayan na kullum. Akwai kibiyar sanyi, wadda ke ɗaure ƙafar abokin gaba ya riƙa tafiya kamar mai ratsa taɓo. Akwai kibiyar shaida, wadda idan ta kafe a jikin dodo saran kowa ya fi shigarsa. Sai koriyar kibiya, wadda ake harba wa ɗan'uwa ba abokin gaba ba, ta zame masa kariya ta ɗan lokaci. Ita wannan idan ta fita, sai an yi numfashi ashirin kafin ta dawo. Hambali da faɗa ya fara yake sakinta. Lailatu kuwa ɓoyonta take yi, ta daure, ta daure, sai ta ga jinin mai garkuwa ya kusa ƙarewa mai magani kuma ya yi nisa, sannan ta sake ta.

Ƙungiyar ta fara cin yaƙi. Sunan Hambali ya zaga har Birnin Kudu. Masu hali da ba su da lokacin zama suka fara ba shi jarumansu ya ɗaga musu, suna biyansa. Daga nan buhun bayan rumbu ya zama wurin zaman Lailatu, daga hantsi har kiran magariba.

Da la'asar Hambali ya dawo, ya tsuguna a gefenta, ya jona abin kunne a wayar ya saka a nasa kunnen. Haka suke yi idan yaƙin ƙungiya ya zo: ita ce hannu, shi ne baki. Sharaɗinsa guda ne, ko tari kada ta yi.

"Ina nan, Obadiya, ina bayanka," in ji shi da ƙarfi. Obadiya shi ne mai garkuwa kuma shugaban ƙungiyar, gyaran janareta yake yi a Birnin Kudu. "Ka shiga kawai, na rufe ka."

Yatsun Lailatu na gudu a kan gilashin wayar. Na hagu yana tafiyar da maharbin, na dama yana ja yana saki. Duk jan da ta yi sai ta ji kamar an soka mata allura daga gindin yatsan har gwiwar hannu. Ta ciji leɓe. Aka ci yaƙin. Tana jin ƙananan muryoyi suna fitowa daga abin kunnen, suna cewa Hambali ba mutum ba ne, Hambali aljani ne. Shi kuma yana dariya yana cewa ai basira ce daga Allah.

Da ya tashi ta ce, "Yaya, don Allah gobe ka bar ni na huta."

"Ki huta daga me? Dutse kike fasawa?" Ya naɗe igiyar abin kunnen a yatsunsa. "Wasa ne fa, Lailatu. Mutane kuɗi suke kashewa su yi abin da ke kike yi kyauta."

Ta kai kukanta wurin Inna. Inna na bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, ba ta ɗago ba.

"Ki yi haƙuri da yayanki. Tun da mahaifinku ya rasu wa ke ci da mu? Ke da kike zaune dama, in ba ki taimaka masa da wannan ba, da me za ki taimaka?"

"Inna, hannuna ne."

"Zan shafa miki man zafi."

Ta shafa mata kuwa, da tausayi ma, har tana hura mata iska a wurin. Washegari da hantsi ita da kanta ta kai buhun bayan rumbu, saboda Hambali ya makara.

Abin da ya ƙara ɗaure Lailatu shi ne ba ta ƙin wasan. A cikinsa tana gudu. Tana haye dutse, tana dirowa daga kan katanga, mutum huɗu da ba su taɓa ganinta ba suna jingina rayuwarsu da ita. Ta san halin kowannensu: ta san Obadiya ba ya ja da baya ko zai mutu, ta san mai maganinsu yana ruɗewa idan aka yi masa rubdugu. Da awa ɗaya ko biyu ne a rana, da ita za ta roƙa a ba ta wayar. Hambali ya san wannan, kuma da shi yake rufe mata baki. "Ke da kike so? Na ga fuskarki idan kina yi."

Damina ta faɗi. Sati uku bayan waccan Talata, wuyan hannun ya kumbura, yatsu uku suka daina jin zafi ko sanyi sosai. Ranar Asabar ta hau kekenta na guragu za ta islamiyya, ta kama abin juyawa, ta tura sau ɗaya, sai ga ta ta dunƙule tana numfashi sama-sama. Ta sake gwadawa da hagu kaɗai, keken ya karkace ya daki bangon zaure. Ta zauna a kai har 'yan islamiyya suka gama wucewa ta ƙofar gidan, sannan ta sauko. Daga ranar keken ya koma jingine a ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a kai.

Inna ta matsa wa Hambali, ya kira Sabo mai kemis ya zo har gida. Sabo ya danna wuyan hannun, Lailatu ta yi ƙara.

"Me take yi da shi haka?"

"Ai ka ga da shi take tafiya," in ji Hambali da sauri.

Sabo ya dubi wayar da ke kan buhu, ya dubi Hambali. Ya bayar da ƙwayoyi, ya ce ta hutar da hannun, in da hali a kai ta asibiti a duba jijiyar. Hambali ya raka shi har waje yana godiya. Da ya dawo ya ɓallo ƙwaya biyu ya ba ta. Bayan rabin awa ya tambaye ta ko zafin ya ragu. Ta ce ya ragu.

"Kin gani? Alhamdu lillahi." Ya ɗora mata wayar a cinya.

Ƙwayoyin suna kashe zafin, ba sa kashe ciwon. Sai ta yi awa shida tana ja tana saki ba ta ji komai ba, da ƙarfinsu ya sake ta sai ta rasa inda za ta sa hannun. Naman gindin babban yatsan ya fara lotsawa. Sannan ranar da take tsoro ta zo: ta dafa ƙasa da hannun dama za ta ja jiki, ya lanƙwashe a ƙarƙashinta, ta kifa da haɓa a cikin taɓon tsakar gida. Daga nan ta koma tafiya da hannun hagu da gwiwar hannun dama. Gwiwar ta saɓule, ta yi ruwa, ƙuda suka same ta.

Daga bayan rumbu zuwa bayi taku ashirin ne ga mai ƙafa. Ga Lailatu ya zama tafiyar da sai ta tsaya sau uku. Sai ta yi dabara: ta daina shan ruwa da rana. Inna ta kawo mata kunu, ta ce ba ta jin ƙishi. Leɓenta ya tsattsage. Inna ta gani, ta ce ai damina ce, mutum ba ya jin ƙishi sosai.

Maƙwabta kuwa suna shigowa. Wata rana wata tsohuwa daga Zandam ta zo gaisuwa, ta hango ta a bayan rumbu da waya a hannu, ta ce, "Kai, Hambali ɗan albarka ne. Ga irinta nan birjik a bakin titi suna bara, shi kuwa har wayar hannu ya saya wa tasa." Inna ta ce wallahi kuwa. Lailatu ta ji su, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da harbi.

Sai maganar gasa ta taso. Ƙungiyoyi daga garuruwa da yawa za su kara, kuma tasu ta kai zagayen ƙarshe. Obadiya ya ce ranar duk su haɗu a shagonsa a Birnin Kudu, su biyar a benci ɗaya. Hambali ya ce Inna ba ta da lafiya, ba zai iya barin gida ba. Lailatu na jinsa yana rantsuwa a waya, Inna kuma na can tana surfe da ƙarfinta.

Da safiyar gasar ta ce masa, "Yaya, ba zan iya ba. Wallahi ba ƙi nake yi ba. Yatsan ba ya jin maganata."

Ya tsuguna, ya sassauta murya, abin da ya daɗe bai yi ba. "Wannan ne na ƙarshe. Idan muka ci, ni da kaina zan kai ki asibitin Birnin Kudu. Zan gyara miki keke. Ki taimake ni, ƙanwata, kada ki ba ni kunya a gaban mutane." Ya ɓallo ƙwaya uku.

An fara da ƙarfe huɗu, hadari na haɗowa ta gabas. Zagayen farko ta yi shi da dabara. Tun da yatsan ba ya saurin ja, sai ta rage harbi, ta zaɓi wuri mai tsayi a kusurwar katanga inda ba sai ta yi ta gudu ba, ta riƙa sakin kibiyar sanyi a mashigar da abokan gaba dole su bi. Suka ci. Zagaye na biyu aka cinye su. Saura ɗaya.

A na ukun abokan gaba suka gane inda ƙarfin ƙungiyar yake. Biyu suka zagayo ta baya suna neman maharbin, uku suka rufar wa Obadiya. Lailatu ta diro daga katanga, ta kauce, ta ɗaure ƙafar ɗaya da kibiyar sanyi, ta samu sarari. Tana ganin jinin Obadiya yana sauka. Mai magani ya ruɗe kamar yadda ta san zai yi. Koriyar kibiya na hannunta, ta ɓoye ta tun farkon zagayen don wannan lokacin.

"Hambali, yanzu!" Muryar Obadiya ta fito har waje daga abin kunnen. "Yanzu, yanzu!"

Ta ɗora yatsan a kan gilashin. Ya kwanta a wurin kamar guntun itace. Ta ce masa ya ja, bai ja ba. Ta kai ɗan manuniya, shi ma ya zame. Obadiya ya faɗi. Bayansa mai magani, sannan sauran, ɗaya bayan ɗaya, ita tana kallo.

Hambali ya fizge wayar. Batirin ajiya da ke jone da ita, mai nauyi kamar rabin bulo, ya ɗaga ya maka mata a bayan hannun.

Ƙarar da ta yi sai da kaji suka watse.

"Gangan kika yi! Muguwa! Gangan kika yi!"

"Yaya, hannuna ya mutu! Tun yaushe nake gaya maka ya mutu? Wata nawa ina yi maka, yau ɗaya na kasa!"

Sai da ta yi shiru suka ji wata murya siririya daga abin kunnen da ke lilo a wuyansa. Bai kashe makirfon ba.

"Hambali? Wace ce wannan? Hambali!"

Ya kashe wayar. Ruwa ya goce. Inna ta fito da gudu ta kwashe shanya, sannan ta dawo ta ja Lailatu zuwa ɗaki.

Washegari wajen ƙarfe goma aka yi sallama a ƙofar gida. Hambali ya fita. Daga ɗaki Lailatu ta ji muryar, ta gane ta nan take, ko da yake ba ta taɓa jin ta ba sai ta cikin igiya.

"Ƙanwata ce, ba ta da cikakkiyar lafiya," Hambali ke cewa a zaure. "Ta fizge min waya ana tsaka da yaƙi, shi ya sa muka faɗi."

"To ga tawa wayar," in ji Obadiya. "Shiga da maharbinka, ka yi min zagaye ɗaya a gabana. Ɗaya kawai."

Hambali bai karɓi wayar ba.

Lailatu ba ta san lokacin da ta yanke shawara ba. Ta ga kanta dai a tsakar gida, hannun hagu da gwiwar dama, tana ratsa taɓon jiya. Inna ta ce, "Ke, ina za ki? Namiji ne baƙo!" Ba ta tsaya ba. Ta kai bakin zaure mayafinta ya jiƙe da laka.

Obadiya mutum ne gajere mai kauri, baƙin mai ya zauna a faratansa. Ya dube ta, ya dubi ƙafafun, ya dubi hannun da ya kumbura ya yi baƙi. Ya sauka daga kan dakali ya tsuguna a ƙasa.

"Sannu, Malama. Ke ce maharbin?"

"Ni ce."

"Ranar da muka yi faɗa da dodon rijiya, na rage saura ƙiris, aka harbo min koriya daga bayan rumfa..."

"Daga kan rumfar ne. Daga baya ba a hango ka."

Ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Da ya buɗe ya ce, "Wata bakwai ina yabon mutumin da ba shi ba. Ni ne nake cewa a ƙara yaƙi, a ƙara atisaye. Ban sani ba, Allah ya gani ban sani ba." Ya juya wurin Inna da ta tsaya a bayan ƙofa. "Mama, yayata Rebeka ma'aikaciyar jinya ce a Birnin Kudu. Ku bari a kai ta yau. Ni zan nemo mota."

"Mun gode, ɗan nan, amma muna da masu kai ta," in ji Inna. "Maganar gida ce. Mutane za su ce me, baƙo ya zo ya ɗauki 'yarmu?"

"Ba shi da hurumi a gidan nan," in ji Hambali.

Lailatu ta ɗago ta dubi mahaifiyarta. "Inna, kin san dalilin da ya sa na daina shan ruwa?"

Inna ta kau da kai.

"Kin sani, Inna. Kina gani na ina tsayawa a hanyar bayi. Jiya da kika ja ni ɗaki, kin ji zanina a jiƙe, kika ce ruwan sama ne."

Inna ta ja da baya daga ƙofar. Ta juya ta shiga ciki. Lailatu ta ɗauka shi ke nan. Sai ga ta ta fito da hijabi a jikinta, da wani zanin a hannu.

A asibiti Rebeka ta shigar da su wurin likita ba tare da dogon jira ba. Likitan ya daɗe yana juya hannun. Ya soka mata tsinke a kan yatsu, yana tambaya ta ji, tana cewa a'a. Ya sa aka ɗauki hoto. Ya ce akwai ƙaramin ƙashi da ya tsage a bayan hannun, wannan sabo ne kuma zai haɗe. Amma jijiyar da ke ratsa wuyan hannu ta daɗe a matse, har naman yatsan ya shanye.

"Da wata uku da suka wuce kuka zo, da hutu da ɗauri sun isa. Yanzu sai an yi aiki, kuma ko an yi ba zan yi muku alƙawarin yatsan zai dawo kamar da ba." Ya dubi Lailatu. "Daga yau kada ki ɗora wa hannun nan nauyi ko kaɗan. Na hagun ma ya fara, ki lallaɓa shi."

"Likita, to da me zan yi tafiya?"

Ya dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa. Rebeka ce ta ce za ta tambaya ko za a samu keken da ake turawa, amma ba ta san yaushe ba.

Suka dawo Gwaram da yamma, hannun a naɗe cikin farin bandeji har gwiwa, an rubuta musu ranar dawowa. Labari ya riga su isowa. An cire Hambali daga ƙungiya, masu jarumai sun fara kira suna cewa ya mayar musu da abinsu. Kwana huɗu bai yi wa Lailatu magana ba. Idan ya shigo sai ya ce wa Inna, da ƙarfi yadda za a ji daga ɗaki, shi dai ya ga sakayya: ya ɗauke mutum daga zaman banza, ya koya masa abin yi, ya ci da shi, ƙarshe a tona masa asiri a gaban baƙo. Inna ta ce ya yi haƙuri. Ta shiga ɗaki ta ce wa Lailatu ita ma ta yi haƙuri. Inna ce yanzu ke goya ta zuwa bayi, tana nishi, bayanta na ƙara.

A rana ta biyar ya shigo ɗakin da fara'a. Ya zauna a bakin katifa, ya ajiye mata ledar tsire.

"Komai ya wuce, ƙanwata. Na yafe miki." Ya ciro wayar daga aljihu. "Na samu wata ƙungiya, 'yan nesa ne, ba su san kowa a nan ba. Kuma kin san wani abu? Na bincika, ashe ana iya juya maɓallan. Harbin ya koma hagu. Hannun daman naki ba abin da zai yi sai ɗan turawa, ko da bandeji za ki iya."

Lailatu ta dubi wayar. Ta dubi ƙofa, inda Inna ke tsaye da kwano a hannu. Ta jira. Inna ta gyara riƙon kwanon, ta ce, "To ai shi likitan a kan hannun dama ya fi yin magana."

Lailatu ta ɗaga hannun hagu a hankali, ta tura shi ƙarƙashin cinyarta, ta zauna a kai.

"Shi kaɗai ya rage min, Yaya."

"Awa biyu kawai a rana."

"Shi kaɗai ya rage min."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce aikin da likita ya ce a yi da me take zaton za a yi shi. Ba ta zaro hannun ba. Daga ƙarshe ya tashi, ya ɗauki ledar tsiren ya fita da ita. Amma wayar ya bar ta a kan katifa, a kunne, dab da gwiwarta.

Da ya fito ƙofar gida ya tarar da dattawan layin a kan tabarma. Suka tambaye shi mai jiki. Ya ce da sauƙi, sai dai hidima, asibiti yau asibiti gobe. Suka ce Allah ya saka masa, ba kowane ɗan'uwa ne zai riƙe gurguwa haka ba. Ya ce amin. Babu wanda ya tambayi abin da ya sami hannun, kuma ba don ba su ji ƙarar ranar nan ba. Katangar gidan ta ƙasa ce, ba ta fi kafaɗar mutum ba.

A cikin ɗaki Lailatu na zaune a kan hannunta har ya fara mutuwa da nauyinta. Ƙishi take ji. Kofin ruwa na can kan taga, Inna kuma ta koma bakin murhu.